San Huɗa a Bakin Rijiya

Gidanmu a Jibiya yana gefen titin da ya miƙe zuwa Maraɗi, daidai inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka iyaka. Kakata Dije ƙosai take soya wa direbobi da yamma. Idan ƙullu ya ƙare sai ta sauke kasko ta bar garwashin, mu jikoki mu kewaye murhun kafin a kira isha. Gaskiyar magana, guntattakin ƙosan da suka fashe a mai muke jira. Tatsuniya gyara ce.

Kaka ba ta cikin masu yi wa labari ado. Ba ta canza murya, ba ta waƙa, tana kankare kasko tana magana kamar mai ba da saƙo. Ni kuwa tun lokacin hannuna ba ya zama lafiya, kullum da gwangwani da tsinke a cinyata.

"Angona, aje gwangwanin nan ko in aje ka," in ji ta. "Ga ta nan tahe. In kun yi surutu ta koma Nijar."

"Ta zo mu ji ta," mu amsa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani san huɗa. Wai a duk gonakin garin Bugaje babu kamarsa. Idan ya ɗauki kunya ba ya waiwaye, ba ya tsayawa, sai ya kai ƙarshen gona. Da abokin huɗarsa ya mutu, sai aka sayar da shi ga wani mai rijiya mai zurfi. Aikin rijiya kuwa sauƙi gare shi: a ɗaura maka igiyar wasaki, wato babban gugan fata, ka ja, idan ruwa ya iso baki a yi maka tsawa ka tsaya. To, san nan bai san tsayawa a tsakiyar tafiya ba. Ya ja, wasaki ya fito, aka yi tsawa, shi kuwa ya ci gaba da neman ƙarshen kunya. Ruwa ya kife, wasaki ya bi ƙasa yana jan turɓaya. Haka jiya, haka yau, har mai rijiya ya fara yi wa mahauta magana.

"Jakai suna mashi dariya," in ji Kaka, "shi ko shina hwaɗin gonakin da ya huɗe. Wa ya tambaye shi? Rijiya ba ta san gona ba."

Da sa ya ga wuƙa ta matso, sai ya je da kansa ya roƙi a sa masa dabaibayi kamar ɗan maraƙin da aka kamo jiya. Taku ya gajarce, ya fara jin nauyin ruwa a wuyansa, ya fara jin tsawa. A hankali ya iya. Mu yara a nan muke tashi da shewa, don a wurinmu labari ya ƙare.

Gwangwanin nan shi ya kai ni cikin 'yan badujala. Na yi rayuwata ina buga gangar fareti, na koyi karanta rubutaccen kiɗa, har manyan gangunan tagulla na buga a zaure idan an yi baƙi. Ba yabon kai ba, kurata da yawa a hannuna suka koyi riƙe sanda. Da na yi ritaya na dawo Jibiya, sai na tarar ba mai neman fareti. Na zauna ina buga cinyata a ƙofar gida.

Isuhu, wani mutumin Maraɗi mai rukunin makaɗan biki, shi ya zo ya same ni. Mai buga musu jerin gangunan zamani ya tafi Agadas. Na je na ga kayan: ganguna a kewaye da kujera, faya-fayen tagulla, da feda biyu a ƙasa. Ta dama tana buga babbar ganga, ta hagu tana kifa faifai biyu a kan juna. Na yi murmushi a raina. Wanda ya yi kiɗa a gaban manya, me zai ba shi tsoro a wasan biki?

Hannuwana ba su ba ni kunya ba. Ƙafa ce ta tona mini asiri. Duk ɗan fareti da hagu yake fara taku, bugun farko a kan ƙafar hagu yake sauka, an dasa mana wannan tun muna kurata. A kujerar nan kuwa bugun farko na ƙafar dama ne. Da Isuhu ya ba da alama sai haguna ta taka, faya-faye su yi ƙas, babbar ganga ta yi shiru inda ake jiranta. Mai jita ya duƙar da kai yana gyara wayar da ba ta lalace ba.

"Baba Saje, hannunka zinari ne," in ji Isuhu. "Amma ƙahwar nan hwa tana bariki. Akwai biki bayan salla. In ba ta dawo ba, sai in kunna gangar cikin fiyano, ka yi haƙuri."

Na fara ba shi labarin wuraren da na yi kiɗa. Ina tsakiyar magana na ji muryar Kaka a raina tana cewa rijiya ba ta san gona ba, na katse labarin. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba: a ce maɓalli guda ya maye gurbina.

Washegari na zo da tsohon bel ɗina na fareti, na ɗaure ƙafar hagu a jikin kujera. Na ajiye sanduna. Dama kaɗai, dum, dum, kamar mai koyon tafiya, yaran Isuhu suna shiga suna fita suna gaishe ni ba sa kallon ƙasa. Da ƙafar dama ta zauna na ƙara hannu ɗaya, sannan ɗayan. Sai daga baya na kwance hagu, na koya mata jira. Bikin ya zo, na buga, mata suka yi rawa, ba wanda ya lura da ni. A wannan sana'a iyakar yabo ke nan.

Kwanan baya shugaban wata firamare ya roƙe ni in koya wa ɗalibansa fareti. Na tsaya a gabansu, na miƙe ƙirji, na daka tsawa, "Hagu!" Ƙafata ta dama ta fita. Shugaban ya juya yana duban bishiya.

A nan wutsiyar tatsuniyar ta dawo mini, wadda muke rufewa da shewa. Kaka takan ƙarasa ta tana zuba toka a kan garwashi. Wai da damina ta zo, aka ari san nan a yi huɗa. Ya ɗauki kunya, ya kai tsakiya, ya tsaya cak yana jiran tsawa. Na tuna na taɓa tambayarta ko bai ji haushi ba.

"Haushin mi?" ta ce. "Ba a yanka shi ba dai. Tashi ka kai kaskon nan ɗaka."

Na sake kiran hagu a gaban yaran, a hankali wannan karon, ina kallon ƙafafuna kamar sabon kurtu.