Manjan da Ya Zube a Shagon Madam Clementina

A kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, idan ka tambayi inda ake sayar da manja mai kyau, shagon Madam Clementina za a nuna maka. 'Yar Anambra ce, amma tun tana amarya mijinta Chibueze, mai sayar da kayan gyaran mota, ya kawo ta Maiduguri. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta koyi Hausa, har da ɗan Kanurin da ke isar ta gaisuwa da ciniki. Shagon ba wani babba ba ne. Jarkokin manja ne jere a jikin bango, sai buhunan garin rogo, agushi da busasshen kifi.

Da gari ya rikice, mutanensu da yawa suka tattara suka koma gida. Ita da mijinta suka tura yaran wurin kakarsu, su kuma suka zauna. Takan ce ba jarumta ba ce, kawai ba ta san inda za ta je ta fara daga farko ba, ga shi duk wanda ya san sunanta a nan yake.

A shekarar da aka katse layukan waya a jihar ne abin ya faru. Wata jarka ta tsage tun da safe, manja ya malala a kan tayil ɗin ƙofar shiga. Masu saye sun yi yawa, kowa yana sauri ya koma gida kafin lokacin hana fita, sai ta shimfiɗa kwali a wurin da niyyar ta goge daga baya. Bayan azahar wata dattijuwa da ake kira Ya Kellu ta shigo sayen kifi. Tana taka kwalin ya zame da ita, ta faɗi a kan hannunta na dama. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi, amma Clementina na ganin yadda wuyan hannun ya karkace ta san karaya ce.

Babu wayar da za a kira kowa. Ta rufe shagon, ta tari keke napep, ta tallabe dattijuwar a jikinta. A kowane shingen sojoji sai ta yi bayani kafin su wuce. A asibiti aka ɗora hannun aka sa masa filasta. A nan ta ji cewa Ya Kellu daga wani ƙauye ta wajen Marte ta gudo, tana zaune da ɗanta Hashim a unguwar Galtimari, kuma da ɗinkin hula take taimakon gidan. Da kanta ta mayar da ita, suna tambayar hanya, don dattijuwar ba ta gama sanin unguwar ba.

Hashim bai karɓe ta da fara'a ba. Ya ce uwarsa ta tsira daga bindiga, ba zai yarda a nakasa ta a shago a ce ƙaddara ba, kuma maganar sai ta kai kotu. Clementina ta ba shi haƙuri ta tafi.

Maƙwabtanta na kasuwa suka ce ta kwantar da hankalinta, ai ba tura matar ta yi ba, kuma ta kai ta asibiti, me ya rage? Zuciyarta ba ta natsu da wannan ba. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta tsayar da Barista Thomas, wani lauya da suke ibada tare, ta ba shi labari. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko ta san da manjan kafin matar ta shigo. Ta ce ta sani.

"To Madam, ba zan ɓoye miki ba," in ji shi. "Wanda ya buɗe shago ya kira mutane su shigo, doka ta ɗora masa kula da inda za su taka. Da a ce yanzu ya zube ba ki gani ba, da akwai abin faɗa. Amma kin gani, ba ki goge ba, ba ki kuma gargaɗe ta ba."

Ya bayyana mata cewa haƙƙin bai tsaya a maganin ranar farko ba. Akwai jinya har hannun ya warke, akwai kuma sana'ar da matar ta rasa a tsawon wannan lokaci. Ya ce doka ba ta hana sulhu ba, muddin an yi shi a gaban shaidu kuma mai ciwon ta yarda da bakinta.

A zauren bulama, wato mai unguwar su Hashim, aka zauna. Clementina ta faɗi abin da ya faru yadda yake, har maganar kwalin. Ta ɗauki nauyin asibiti, da abincin gidan har Ya Kellu ta koma riƙe allura. Hashim, da ya zo da shirin gardama, ya rasa da wa zai yi ta. Da bulama ya tambayi Ya Kellu ko ta amince, sai ta ce ta amince, amma a gyara ƙofar nan, domin akwai tsofaffin da ba su kai ta ƙarfin ƙashi ba. Har bulama sai da ya yi dariya.

Satin nan Chibueze ya kawo magini aka fasa tayil ɗin aka yi daɓen siminti mai kaushi. Jarkokin suka koma can ciki a kan katako, aka ajiye bokitin yashi a bayan ƙofa. Har yau, ko ɗigo ne ya zuba, Clementina takan dakatar da ciniki sai an share.

Hannun ya ɗauki watanni. Duk ranar komawa asibiti ita ke zuwa Galtimari ta ɗauke ta, kuma a zaman jiran likita Kanurinta ya ƙaru fiye da na duk shekarun baya. Yatsun ba su dawo daidai yadda suke ba, hular da take gamawa da wuri yanzu tana ɗaukar ta lokaci, amma tana ɗinkawa. Hashim, wanda ya samu keke daga baya, shi ke kwaso wa shagon kaya daga tasha.

Da gari ya ɗan lafa, yaran suka dawo. Babbar, Onyinyechukwu, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ƙaramin kuma yana taya babansa sayar da kayan mota. Clementina ta fara furfura, gwiwa tana damun ta, don haka yanzu a zaune take ciniki. Da la'asar, idan masu saye suka ragu, takan jawo kujerarta bakin ƙofa ta sayi gasasshiyar masara, ta ci tana amsa gaisuwar masu wucewa.