Injin Niƙan Kafen Kawu Illo

A gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidan Kawu Illo, a Madarumfa, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ƙasarsa ta yi baƙi. Ko da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, wurin nan a jiƙe yake da safe. Ni ke share ƙofar gidan tun da na gama jami'a a Maradi na dawo zama wurinsu, shi da matarsa Inna Khadija, shi ya sa na lura. Daidai nan Alhaji Nasiru, aminin Kawu, yake jingina bayansa kowace safiya.

Kawu Illo wan mahaifiyata ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Maradi, Agadas da Tamanrasset, shi ya sa Alhaji ke kiransa shofer, wato direba. A can ya koyi shan gahawa, irin kafen da ake kira esfureso: ɗan mitsitsin kofi, baƙi wuluk, da kumfa ja-ja a sama, ba madara, ba sukari. Da ya ajiye tuƙi ya koma noman albasa da tumatir a bakin tabki, abin da ya rage masa na waccan rayuwa shi ne tsohon injin dafa kafen, wanda yake ajiyewa a zaure lulluɓe da zane. A garinmu in an ce kafe, ana nufin na gwangwani wanda mai tebur ke kaɗawa da madara a babban kofi. Kawu kan ce wannan kunu ne.

Injin nasa kofi ɗaya yake fitarwa a lokaci guda. Kullum in sun dawo daga masallaci rana ta fara leƙowa, Kawu zai shiga zaure ya fito da na farko ya miƙa wa Alhaji, don baƙo ake fara ba, sannan ya koma ya haɗa nasa. Kafin ya fito, kofin Alhaji ya zama wayam.

"Ya ka ji shi yau?"

"Alhamdu lillahi, shofer. Sai dai ɗacin nan."

Ɗacin nan ne ya hana Kawu sakat. A ganinsa laifin niƙa ne. Tun shekarun baya da injin niƙansa ya lalace, a ƙaramin turmi yake daka ƴaƴan kafen, turmi kuwa ba ya daidaita gari: wani ya yi laushi kamar toka, wani ya fito tsaki-tsaki. Ruwan zafi sai ya ƙone mai laushin ya wuce tsakin bai taɓa shi ba.

"Ran da na samu injin kirki," in ji shi, "Nasiru zai san mi ake kira kafe."

Ni ya sa aikin dubawa a waya, saboda bayanan duk da Faransanci suke. Mun yi makonni muna yi bayan la'asar. Akwai mai wuƙa, wanda ke juyawa da wuta yana saran ƴaƴan yadda ya ga dama. Kawu ya ce wannan turmi ne da aka sa wa moto. Akwai kuma mai haƙora, wanda ke murƙushe su tsakanin faifai biyu, da wani zobe da ake murzawa a zaɓi laushin da ake so. Cikin masu haƙoran ya ƙi na wuta, ya ce in wutar ta ɗauke ta dawo da ƙarfi motonsa ne zai fara ƙonewa. Ya ƙi mai haƙoran tangaran, don tsakuwa ɗaya cikin kafe ta isa ta fasa su. Ya tsaya kan na hannu mai haƙoran ƙarfe. Ya riƙa sa ni ina buɗa hoton yana leƙa haƙoran kamar mai sayen rago.

Alhaji Nasiru yana fataucin atamfa, yana bi ta Ɗan Issa zuwa Kano. Da ya ji an gama zaɓe ya ce a bar masa. Na tura masa hoton, Kawu ya raka shi har bakin mota yana maimaitawa: "Mai haƙora, Nasiru. Ba mai wuƙa ba."

Alhaji ya dawo, ya kwana biyu a gidansa, sannan ya kawo saƙon a cikin leda, babu kwali. Mai wuƙa ne. Kawu ya juya shi a hannu.

"Niƙa ai niƙa ce, Illo," in ji Alhaji. "Wanga ya ma fi. Dannawa kawai za ka yi. Wancan na hannu sai ka ce tsohuwa a kan dutsen niƙa."

Kawu ya yi godiya. Na san ya haɗiye maganar ne don darajar wanda ya kawo.

Washegari ina shara na ji kukan sabon injin daga zaure. Kawu ya fito da kofin farko, ya miƙa, ya koma. Alhaji ya waiga zauren, ya sauke hannu ta bayansa, kamar yadda ya saba. Ni dai na ci gaba da sharata.

"To, ya ka ji shi yau?" Kawu ya tambaya, nasa kofin a hannu.

"Yau kam ba magana! Ka gani? Ɗacin ma ya tafi. Injin ga ya gyara shi."

Fuskar Kawu ta washe. Ya kurɓa. Nan take tari ya sarƙe shi, hawaye suka zubo, ya dafa bishiya yana neman numfashi. Na ruga na kawo ruwa. Da ya samu kansa ya shiga zaure ya ɗauko injin, ya sa ɗan yatsa ƙarƙashin wuƙar, ya fito da shi ja.

"Barkono," in ji shi.

Alhaji ya yi ƴar dariya, ya ɗora laifin kan matarsa. "Hasiya ce. Matar nan! Ta ce bari ta gwada shi da ɗan yaji a ga ko yana aiki. Wallahi an goge shi."

"Na ji wannan." Kawu ya dubi kofin Alhaji, ya dubi idonsa da ba ko alamar ƙwalla. "Kai fa? Barkonon bai kama ka ba?"

Alhaji ya kau da kai. Kawu ya juyo wajena, ban san dalili ba, ni kuma idona na kan gindin bishiyar. Ya bi inda nake kallo. Wurin nan baƙi yana tururi kaɗan-kaɗan.

"Tun yaushe?"

"Haba Illo."

"Tun yaushe, Nasiru?"

"To mi kake so in yi? Abin ga kamar maɗaci yake. Mutum ya fito da abu da hannunsa, a ƙofar gidansa, ya ba ka, ka ce ba ka so? Kara na yi maka. Ni don zaman nake zuwa."

"Kara." Kawu ya maimaita kalmar a hankali. "Kowace safiya ta Allah ina tambayarka. Da ka ce kunu kake so, da Khadija ta dama maka, mu zauna. Ka bar ni ina wahalar da ɗiyata kan waya, ina ƙirga haƙoran ƙarfe don bakinka, kai kuwa ka san bishiya ke sha. Shi ya sa da ka je Kano ba ka ko buɗe hoton ba."

"Na buɗe mana."

"Ka buɗe, ka sayo wa Hasiya na yaji."

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce shofer zai huce, gobe ma rana ce. Kawu bai raka shi ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ya daɗe zaune yana kallon ƙasar. Can ya kira Inna Khadija, matarsa, ya miƙa mata injin ya ce ta riƙa niƙa yaji da shi. Ta tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau. Ni ya ce in ajiye hoton nan kada in goge, in an jima zai nemi wani mai zuwa Yamai.

Bayan azahar ya wanke kofunan biyu. Ɗaya ya ɗora can saman kabad ya kife. Sannan ya jawo ƙaramin turmin, ya zuba ƴaƴan kafe daidai na mutum ɗaya, ya zauna a zaure yana dakawa.