Tunkiya a Turken Mai Gari

A shekarun da arzikin man fetur ya fara jan samari zuwa birni, muna zaune a Birnin Kudu, Baba yana aikin hanya. Gidajen Kirista kaɗan ne a unguwarmu, don haka kowa ya san ƙanen Baba, Kawu Iliya, ya tafi Kano, giya ta kama shi, a tasha yake kwana. Baba ya rantse ba zai je nemansa ba sai ya gyara halinsa.

Kaka, wadda ta haife su, ba ta yi gardama ba. Bayan mun ci tuwo ta tara mu a bakin murhu, sai dai ranar ta ɗaga murya fiye da kullum, don Baba na zaune a ƙofar ɗaki.

Ta ce wata tunkiya ce ta faɗa gonar dawa a ƙauyen Sundimina, ta yi ɓarna. Aka kai ta gidan mai gari aka ɗaure a turke, kamar yadda aka saba, sai mai ita ya zo. Tana fizga, igiya na ƙara shaƙe ta. Makiyayin da ke da ita ya iso ba shi da abin fansa. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya ajiye sandarsa, ya yi ta yi wa mai gonar noma, ana yi masa dariya, har hannunsa ya fashe. Sannan ya kwance ta ya saɓa a wuya.

Na ce, "Kaka, ita me ta yi aka sake ta?"

"Ɓarna ta yi, 'yar nan, ita ce duk gudummawarta. Haka Yesu ya same mu. Bai ce mu fara kwance kanmu ba."

Da safe tsohuwar da ko kasuwa ba ta kaiwa sai ta huta ta ɗaura ƙunshinta ta nufi ƙofa.

Baba ya ce, "Inna, ina za ki?"

"Ɗauko ɗana."

Ya karɓi ƙunshin ya mayar ɗaki, ya sa takalminsa, ya kama hanyar Kano.

Kawu ya dawo, amma shekara da shekaru yana faɗuwa yana tashi, kuma na ji haushinsa ƙwarai, don ni ke wanke masa kaya. Sai da na yi furfura na yarda cewa ceto ba ladan aiki ba ne, alheri ne, kuma wani ne ke shan wahalarsa. Ranar da Kawu ya rasu, kansa na kan cinyar Baba.