Malaminmu da Kwalbar Wake

Jiya ina tsintar wake sai ƙwaro ya hau yatsana, na tuna marigayi malaminmu na firamare a ƙauyenmu wajen Mai'adua. In ka tambaye shi abu, sai ya karkata hula ya ce, "Ni ma ban sani ba. Mu gwada mu gani."

Wata shekara na zo aji ina kuka, ƙwari sun cinye waken da innata ke sayarwa. Ya sa kowa ya kawo ɗan wake don mu gwada abin da zai hana ƙwari, muka zuba a gwangwanaye, wani da toka, wani da barkono. Ni na rasa abin haɗawa, sai na cika kwalba na toshe bakinta kawai.

Muka yi ta atishawar barkono har rani. Ranar buɗewa, waken kwalbata kaɗai ne babu huji.

"Malam, me ya sa?"

Ya ɗaga kwalbar a hasken taga. "Ke kika yi, ke za ki gaya mana."

Na daɗe kafin na gano iska ƙwarin suka rasa. Tun daga nan innata ta koma toshe wakenta a jarka.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa.