Hoton zauren da kawuna ya gina

Lokacin da nake kwami, wato ƙaramin ma'aikaci, a gidan waya na Damagaram, aikina bai wuce jera wasiƙu da buga hatimi ba. Shugabanmu wani Bafaranshe ne siriri, marar yawan magana, yana da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Duk Lahadi yakan zaga unguwannin Birni da Zango yana ɗaukar lunguna da masu wucewa. Da ya ga ina yawan tambaya sai ya koya mini, har ya riƙa ba ni aron akwatin. A ɗakin ajiya muke wanke hotunan, mu toshe taga da bargo. Idan hotuna sun bushe mu baza su a tebur, ya nuna mini inda na gyara da inda na ɓata.

Wata rana na ɗauki wani zaure a Birni, mata biyu suna wucewa da tulu a ka. Bafaranshen ya yaba sosai, ya ce na iya ajiye mutane a gefe, ban cusa su tsakiya ba. Kawuna ne ya gina zauren, shi ya yi zanen bangon da hannunsa, don haka na ɗauki hoton na kai masa ina jin daɗi.

Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari. Ya goge hannu, ya karɓa, ya daɗe yana dubawa.

"Da wane lokaci ka yi wannan?"

"Da rana tsaka, Kawu."

"Ai na gani. Ka kashe mini bango. Zanen nan ba ya fitowa sai bayan la'asar, in rana ta karkata inuwa ta kwanta cikin tsagar. Ga shi kuma ka yanke zankayen sama, gida ya zama kamar mutum ba hula."

Na ce, "Amma Nasara ya ce ya yi kyau."

"Shi mata ya gani. Ni ginin na gani."

Raina ya ɗan sosu. Kashegari na faɗa wa Bafaranshen. Ya yi dariya, sannan ya ce mu je mu gani. Muka tsaya gaban zauren bayan la'asar, sai ga zanen ya taso kamar a ranar aka yi shi. Ya ja akwatin baya taku biyar don zankayen su shiga.

Tun daga nan ya riƙa zuwa gidan kawu da hotuna cikin ambulan, su zauna kan tabarma ina yi musu tafinta. Ba kullum suke shiri ba. Akwai hoton wani lungu da jaki ya gifta da sauri, ƙafafunsa suka dusashe. Bafaranshen ya ce shi ne mafi kyau a cikinsu, don ana ganin motsi. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin jaki mai hayaƙi a ƙafa ba. Sun yi makonni a kan jakin nan, babu wanda ya sauka. Amma na lura Bafaranshen ya daina fita da rana tsaka, kawu kuma ya fara tambayar abin da ya sa aka bar fili a gefe kaza.

Sau ɗaya aka roƙi kawu ya tsaya a ɗauke shi. Ya ce a'a, a ɗauki aikinsa ya isa. Ba a sake maganar ba.

Bayan damina biyu aka mayar da Bafaranshen Agadas, ya tafi da akwatinsa, ya bar mini hotuna cike da kwali. Gara ta cinye yawancinsu a shekarar da rufin ɗakina ya yi yoyo. Wanda ya fi tsira na marina ne a Zango: ramukan baba, zannuwa a shanye, da wani dattijo da ya juya baya daidai lokacin da na buɗe idon akwatin. Na sha nuna wa tsofaffin unguwar, har yau ba wanda ya gane ko wane ne.