Kawu ta Layin Maza

Kawu mace ce, kada ku rikice. Mai wanki da guga ce a wani asibiti, uwar 'ya ɗaya tilo. Mawaƙan majami'arsu ne suka laƙaba mata sunan don tsokana, ya bi ta har kasuwa.

Da can muryarta siririya ce, in ta ɗaga sai tsikar jikinka ta tashi. Ita ce kan gaba a murya ta ɗaya. Sai maza suka fara zamewa daga ƙungiyar: wannan aiki ya riƙe shi, wancan kallon ƙwallo, samari kuwa suka ce ganga da jita ne nasu, tsayuwa a layi da doguwar riga sai mata. Aka wayi gari layin baya saura tsohon kafinta da wani direba mai zuwa in ya ga dama.

Malamin waƙa, in ana gwaji, yakan koma bakin ƙofa ya toshe kunne ɗaya ya saurara. Ran nan ya dawo yana girgiza kai.

"Mata kun danne maza, waƙar ba ta da gindi." Ya dube ta. "Yaya, ke ce mai kunne. Ki riƙe mana murya ta uku, wata ɗaya kawai, kafin mu samu maza."

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ta ɗauki jakarta ta koma gefen kafinta.

Wata ɗaya! 'Yarta tana firamare aka faɗi haka, yarinya ta girma ta kama aiki, Kawu tana nan. A ɗakin wanki, cikin tururi da ƙarar inji, take danne haɓa a ƙirji tana tura murya ƙasa har maƙogwaro ya yi zafi. Duk sanda ta ce a mayar da ita, sai Malam ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Yaya, in kin tashi mun rushe." Da kafinta ya rasu, har murya ta huɗu aka ɗora mata. Ba ta so, wallahi ba ta taɓa so ba, amma ta yi.

Shekarar da aka sa ranar auren 'yarta, aka buɗe kamfani kusa da unguwar, ma'aikata suka cika majami'a, maza suka shigo ƙungiya har benci ya kasa. 'Yar ta ce, "Mama, abu ɗaya nake roƙo. In zan shigo, ki yi min waƙar da muryarki ta da."

Kawu ta koma layin gaba tana murna kamar yarinya. Aka ba da sauti, ta buɗe baki. Abin da ya fito wani gurnani ne, ta haura kaɗan muryar ta tsage. Ta sake, ta sake. 'Yan mata suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Malam ya je bakin ƙofa, ya daɗe bai dawo ba.

"Yaya, nan kina ja musu ƙasa. Baya kuma ya cika." Bai iya dubanta ba. "Ki tsaya a gaba da rigarki, ki riƙa motsa baki kawai."

Ba tsuntsu ba tarko. Ta so ta zage shi, sai ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Ranar aure ta tsaya da rigar da ta goge da hannunta, tana motsa leɓe, wata yarinya a gefenta tana ɗaga waƙar. Da aka fito, amarya ta rungume ta tana hawaye.

"Mama, na ji ki! Taki ta fi ta kowa tashi."

Kawu ta gyara mata lulluɓi. "Je ki, mijinki yana jira," ta ce, da muryar da ta rage mata.