Geron da Malam Isaka ya ƙona

Malam Isaka ɗan Tawa ne, shekara talatin ya yi yana koyar da ilimin halittu a wani kwaleji nan Yamai. Ajina na lissafi yana jikin nasa. Mutum ne mai son a ga abu da ido. In bai kunna wuta ko ya feɗe kwaɗo ba, gani yake bai yi darasi ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya koro mutanen arewa sun cika sansanin Lazare da ke bakin gari. Daga cikinsu aka kawo masa wata yarinya, Halimatou, mai kai kamar me, yana ta cika mana baki da ita.

Da darasin mitokondiri ya zo, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ya ce mini su ne murhun jiki: abin da ka ci, su ke ƙona shi da iskar numfashi, su ba ka ƙarfin ɗaga ko yatsa. So yake yara su ga wutar da ke cikin abinci. Ni kuwa, sarkin iyayi, na ɗebo masa gero cike da gwangwanin tumatir daga gidana.

Ya zuba a murfin tukunya, ya cinna masa wuta, ya ɗora ruwa har ya yi ɗumi. Aji ya ɗauki ƙamshin tumu. Yara suka yi tsit, shi a zatonsa darasin ne ya ratsa su.

An fita shan iska, muka dawo ɗaukar murfin, sai ga Halimatou a tsugune tana tsince ƙwayoyin da wuta ta bari, tana ƙullewa a bakin mayafi. Maimakon mu juya kamar ba mu gani ba, bawan Allah ya washe baki yana tambayarta ko gwajin za ta sake a gida. Ni ma har da dariyata.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na innata ne, Malam. Murhunta ya kusa mutuwa."

Wallahi har yau in na tuna, kunya ce ke rufe ni. Yarinyar nan ta fi kowa gane darasin, kuma ba ta sake taka makarantar ba. Kwana uku muna zagaya bukkokin Lazare da rabin buhun gero a bayan kekensa, ba wanda ya san inda ita da innarta suka nufa.

Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya. Kowace shekara in ya iso mitokondiri, da alli kawai yake zana shi, bayansa ga yara, bai juyowa sai an kaɗa ƙararrawa.